Zazzaɓin Ƙwan Zabi a Rijiyar Gawo

Ba na jin akwai ranar da zan manta da yadda muka kai injin ƙyanƙyasa ƙauyen Rijiyar Gawo. Farkon damina ne, an gama shuka, gero ya fara ɗago kai. Motar buro, wato ofishinmu, ta kafe a cikin yashi tun ba mu yi rabin hanya daga Gazawa ba. Sai da muka roƙi wani mai amalanke ya ɗauki injin, ni kuma na bi shi a ƙafa ina dafe da kwalin don kada ya zame. Da muka shiga gari mata suka tarbe mu da guɗa, ni ko sai washe baki nake yi kamar ni na ƙera shi.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin furoje, wato shirin tallafi, na kiwon kaji da zabi. Ba sai na faɗi sunansa ba, ya daɗe da rufewa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, haka yake: a sama akwai kodinata, yana zaune Maraɗi, shi ke magana da masu ba da tallafi. A ƙarƙashinsa kowace gunduma da shef nata, Agye da nata, Gidan Rumji da nata, mu ma Gazawa da namu. A ƙasan kowa sai mu animater, wato masu hawa moto, babur ke nan, su shiga ƙauye, su yi wa kaji rigakafi, su zauna da ƙungiyoyin mata, ƙarshen wata su rubuta rapor, rahoton aiki. Ƙauye shida ke hannuna. Shekarata ta huɗu ke nan a aikin, kuma gani nake na san kaza ciki da waje.

Maganar injin daga bakina ta fito. Zabuwa tana zuba ƙwai sosai da damina, amma ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa mutanenmu ke sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta mashi. Abin da kaza ɗaya za ta rufe kuwa kaɗan ne, sauran sai a dafa a kai tasha. Na rubuta a rapor cewa da za a samu inji, da mata sun fitar da ƴan zabi da yawa a lokaci guda. Kodinata ya yi na'am. Ya ce a gwada a wuri ɗaya, in abin ya yi kyau a saya wa sauran ƙungiyoyin gundumomin uku. Aka ce ni in nemo injin.

Na ga masu ƙwari a Maraɗi, masu tsada. Na kuma ga wani mai araha wurin wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya ta iyaka. Akwatin roba ne fari, yana cin ƙwai ɗari da ashirin, yana aiki da batir da farantin sola, da ƴar fanka a ciki, da ƙaramin allo a goshinsa mai nuna lambar zafi da jan rubutu. Na yi tunanin in mai arahar ya yi aiki, ƙauyuka da yawa za su samu. Ni na zaɓe shi, ni na sa hannu a takardar karɓa.

Shugabar ƙungiyar matan Rijiyar Gawo sunanta Hajiya Rakiya, mace mai zafin nama, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. A ɗakin ajiyarta mai rufin kwano muka girke injin. Kowace mace ta kawo ƙwanta, wata uku, wata biyar, aka yi wa kowane alama da biro don a san mai shi. Wadda ta fi kowa shekaru a cikinsu ita ce Inna Tsahara, ƴar siririyar tsohuwa da ba ta da yawan magana. Ta miƙo mani ƙwai huɗu, ta leƙa cikin akwatin, ta kira ni da laƙabin da suke kiran ma'aikata, ta ce, "Mushe Issufu, ina fukafukansa?"

Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Inna, wannan ya fi mai fukafukai. Ba ya tashi neman tsaba, ba ya tsoron shaho."

Ta ce, "To, Allah ya sa."

Na yi masu bayanin ƙa'ida. Ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi, na zabuwa kuwa ashirin da shida zuwa ashirin da takwas. Zafin da ake so talatin da bakwai da rabi ne, in ya yi yawa kada ya wuce talatin da takwas. Akwai ƴar tasar ruwa a ƙasa da ba a so ta bushe, don ɓawon ya samu danshi. Injin namu ba ya juya ƙwai da kansa, sai an juya da hannu sau uku a yini, da safe, da azahar, da magariba. Matan suka raba kwanaki a tsakaninsu. Hajiya Rakiya ta iya karanta lamba, ita ke rubuta abin da allon ya nuna a wata takarda da na manna a bango.

Kwana uku kacal muka yi lafiya. A na huɗu aka tashi da hadari, rana ba ta fito ba har la'asar, washegari ma haka. Ina buro wayata ta yi ƙara. Hajiya Rakiya ce: "Mushe, akwatinka yana kuka, kuma lambar tana sauka." Batir ya ƙare. Na ciro batirin motar buro, na ɗaure a bayan moto, na nufi ƙauyen cikin yayyafi. Bayan kwana biyu fanka ta tsaya, sai an ɗan mari gefen akwatin take tashi. Daga nan murfin ya ƙi rufuwa daidai, muka cusa tsumma a bakinsa. Na kira mai shagon da na sayo injin, ya ce haka sababbi suke yi kafin su saba.

Tun daga lokacin na rasa zama wuri ɗaya. In waya ta yi ƙara sai in ce injin ne. In na fito masallaci da asuba sai in tsaya ina duban gabas. Matata ta ce mani, "Kai da manoma ban san wanda ya fi kallon sama ba. Su suna roƙon hadari, kai kana roƙon rana." Ƙauyen da ya kamata in je sau ɗaya a mako, sai ga ni ina zuwa kusan kullum, sauran ƙauyukana biyar sun fara tambaya ko an canza ni ne.

A kwana na goma muka yi haskawa. Yadda ake yi shi ne a rufe ƙofa da taga ɗaki ya yi duhu, a ɗora ƙwai a bakin tocila. Wanda ya ɗauka za ka ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki da ɗan baƙin abu yana motsi, wanda bai ɗauka ba kuwa fayau yake. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, sai an ƙura ido. Cikin ɗari da ashirin muka samu casa'in da bakwai masu rai. Matan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ganin ɗan abin yana motsi a cikin ƙwansu, wasu na salati. Ranar na ji kamar an sauke mani kaya. Na ɗauki hoto na aika wa shef, shef ya aika wa kodinata. Kafin in koma Gazawa har an tsayar da magana: ranar kwana na ashirin da takwas kodinata zai zo da baƙi biyu daga masu tallafi, su ga ƴan zabi a cikin inji, daga nan a sa hannu a sayo sauran.

Wani abu kuma ya ƙara kwantar mani da hankali. Lambar da a da take hawa tana sauka, sai ta zauna daram a talatin da bakwai da ɗigo bakwai. Safe, azahar, magariba, abin da Hajiya ke rubutawa ke nan. Na ce lallai mai shagon ya yi gaskiya, inji ya saba.

A kwana na goma sha huɗu na biya da azahar, a kan hanyata ta zuwa rigakafi wani ƙauye. Rana ta buɗe sosai, kwanon ɗakin har ƙara yake yi. Ranar juyin Inna Tsahara ne. Na same ta tsaye gaban injin, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta ɗora a kan fatar idonta. Ta aje, ta ɗauki wani daga ɗaya gefen, ta sake ɗorawa.

Ta ce, "Mushe, ƙwan nan zazzaɓi yake yi."

Na nuna mata allon. "Inna, ga lamba nan. Daidai take, ko gashi babu."

"Ni ban iya lamba ba. Amma tun ina budurwa nake sa hannu ƙarƙashin kaza. Cikin kaza bai kai haka zafi ba."

Na ce ɗakin ne ya yi zafi, shi ya sa ta ji haka. Ba ta yi mani musu ba. Ta gama juyinta, ta rufe murfin, ta gyara tsumman, ta fita.

Na hau moto na kama hanya, amma maganarta ta ƙi sauka daga kaina. Na wuce rijiyar makiyaya, na wuce gonakin wake. Na ce wa kaina tsohuwa ce, hannunta ya saba da sanyi. Na ƙara gaba kaɗan, na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na kashe moto, na sake tayar da ita. Sai na tuna a jakata akwai ma'aunin zafi da muke sa wa dabba in ba ta da lafiya. Kwana goma sha huɗu yana rataye a kafaɗata, ban taɓa tunanin sa shi a cikin injin ba. Na juya.

Na kwantar da ma'aunin a tsakanin ƙwai, na rufe, na tsaya ina kallon agogo. Minti biyar ɗin nan na zagaya ɗakin ban san sau nawa ba. Da na ciro shi, ya haura arba'in. Na yarfe shi, na sake sawa a wani gefen. Haka dai. Na buɗe murfin gaba ɗaya iska ta shiga, na dubi allon: talatin da bakwai da ɗigo bakwai. Na cire wayar da ke kai wuta ga abin ɗumamawa, na jira. Lambar ko gezau. Ashe ba zama ta yi ba, maƙalewa ta yi. Na dubi takardar bango, na ƙirga layukan da lambar ba ta canza ba. Kwana huɗu. Kwana huɗu ke nan duk lokacin da rana ta take, batir ya cika, injin yana dafa ƙwan matan nan a hankali, mu kuma muna rubuta cewa lafiya lau.

Na kira mai shagon. Ya ce in kashe in kunna. Na ce na yi. Ya ce in buge shi a gefe. Na ce wannan na fanka ne. Ya ce to sai dai a aiko da kayan gyara daga ƙetaren iyaka, mako biyu in an yi sa'a. Washegari da sassafe na ɗauko Malam Lawali, mai gyaran rediyo a kasuwar Gazawa, a bayan moto. Ya kwance bayan injin, ya daɗe yana dubawa, ya ce abin da ke jin zafi ya ba da umarnin a kashe wuta shi ne ya mutu. "Zan iya sa maka makunni, ka kunna da hannu ka kashe da hannu. Amma ya san lokacin da kansa, wannan ya wuce ni."

Haka muka yi kwana biyu. Mace ta zauna gaban akwati da ma'aunina, in ya hau ta kashe, in ya sauka ta kunna. Ga shi lokacin noman fari ne, kowace tana da gayaunarta, ƴar gonarta, da ciyawa ke ci, mazaje sun fara magana. Duk da haka zafin bai daidaitu ba, don duk buɗewar da za a yi a duba ma'auni sai ɗumin ya fita. A kwana na goma sha shida ɗakin ya fara wani ɗan wari. Muka sake haskawa. Sittin da ɗaya suka rage.

Na jera matattun a faranti, kowace mace tana duba alamarta. Akwai wata Sa'a, mijinta ya tafi ci-rani bai dawo noma ba, ita kaɗai ke fama da ƴaƴa huɗu. Ƙwanta biyar duka suna cikin farantin. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Mushe, da na sani da na dafa wa yara sun ci." Da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Sai Inna Tsahara ta matso. Ta dubi Hajiya Rakiya ta ce, "Rakiya, kaji nawa ke kwanci a garin nan?"

Na gane inda ta nufa. Na ce, "Inna, baƙi za su zo ganin inji."

Ta ce, "Kai baƙi ne a ranka, mu ƙwai ne a namu."

Na fita bayan ɗaki na kira shef, na faɗa mashi komai. Ya ce, "Issufu, kada ka fitar da ƙwai ko ɗaya. Gwajin inji aka ce mu yi, ba gwajin kaza ba. Ku lallaɓa shi haka nan, ko ashirin suka fito ai an ga wani abu." Na ce ban jin ko goma za su kai. Ya ce umarni ne.

Na dawo na zauna a kan turmi, na tashi, na leƙa injin, na sake zama. Matan suna kallona. A takardar yarjejeniyar da muka yi da ƙungiyar, wadda ni da kaina na karanta masu, an rubuta cewa inji na furoje ne, ƙwai na masu shi ne. Na ce wa Hajiya Rakiya, "Hajiya, ni an hana ni fitar da su. Amma ƙwanku ne."

Ta ce, "To ka matsa daga bakin ƙofa."

Kafin la'asar an bincike gari gida-gida. Aka samu kaji huɗu da ba su daɗe da fara kwanci ba. Matsalar ita ce kowace tana kan nata ƙwan, sai an kwashe shi za a sa namu, kuma biyu daga cikin masu kajin ba ƴan ƙungiya ba ne. Ɗaya ta ce atafau, ba ta ga dalilin da za ta yi asarar ƴan tsakinta saboda akwatin da ba a shawarce ta ba ranar da aka kawo shi. Inna Tsahara ta shiga ɗakinta, suka daɗe, ta fito ta ce an shirya: duk mai kaza za a ba ta ƴan zabi biyu daga abin da kazarta ta fitar. Kaza ta biyar a rugar Fulani aka same ta, bayan gari, wurin wata mai kawo nono da suka saba da Inna.

Kaza ta fi karɓar baƙon ƙwai in duhu ya fara, don haka muka jira gab da magariba. Aka shanya dussa a rana ta yi ɗumi, aka zuba a ƙore, aka binne ƙwan a ciki, aka rufe da zane. Kowace ƙwarya sha biyu, ɗaya sha uku. Ni aka ba ta rugar. Na ce in hau moto, Inna ta ce girgiza za ta kashe su. Haka na taka a ƙafa, animater guda da rigar furoje, rungume da ƙwarya a ƙirji ina bin tsohuwa a baya ta cikin gonaki. Da muka isa, kazar ta sare ni a hannu har jini ya fito. Inna ta ture ni gefe, ta zura hannu ƙarƙashinta tana yi mata ƴar magana, ta jera ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Kazar ta yi ƴar ƙara, ta gyara zama, ta baje fukafukai.

Ban samu natsuwa ba duk da haka. A da akwati ɗaya nake zulumi, yanzu gida biyar. In na zo sai na bi su duka, ina leƙa akurki, ina tambaya ko kaza ta tashi, ta daɗe a waje ko ba ta daɗe ba, har masu gidajen suka fara gajiya da sallamata. A kwana na ashirin da ɗaya aka yi ruwa mai ƙarfi, ya shiga akurkin ɗaya daga cikin gidajen, kazar ta tashi ba ta koma ba. Sha biyu suka tafi. Saura arba'in da tara.

Shef bai san an kwashe ƙwan ba sai da ya zo da kansa duba shirin tarbar baƙi, saura kwana huɗu. Ya buɗe injin ya ga wayam. Bai yi faɗa a gaban mata ba. Ya ja ni gindin motar ya yi mani tatas, sannan ya sassauta murya.

"Abin da ya faru ya faru. Ranar da baƙi za su zo, ka tattaro ƴan zabin da safe ka zuba su a cikin injin. Awa ɗaya ce. Su gani, su ɗauki hoto, su tafi, ka mayar wa kaji abinsu."

Na ce, "Shef, ai ba shi ya fitar da su ba."

"A cikinsa suka yi fiye da rabin kwanakinsu. Ina ƙaryar take? Kuma ka tuna wanda ya zaɓo shi, ka tuna sa hannun wa ke kan takarda. In ya faɗi, ba da ni zai faɗi ba. Takardar aikinka ƙarshen shekara ake sabunta ta, kana da iyali."

Zan so in ce maku na ƙi. Ban ƙi ba. Cewa na yi, "To, Shef."

Na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗa wa matan. Abinci ma a tsaye nake ci. A kwana na ashirin da shida ƙwan ya fara fashewa. Na iske Inna Tsahara tsugune bakin akurkinta, ƴan zabi masu zane-zane a baya suna leƙowa daga ƙarƙashin fiffiken kaza. Hajiya Rakiya tana wurin. Na tsuguna, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗi abin da shef ya ce.

Hajiya ta ce in an raba su da kaza suna ƴan kwana biyu, wata kazar ba za ta sake karɓarsu ba. Na ce awa ɗaya ce kawai. Inna ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "In baƙin suka ga akwati cike da ƴan zabi, me za su yi?"

"Za su saya wa matan wasu garuruwa."

"Irin wannan?"

"Irin wannan."

Sai a lokacin ta dube ni. "To, ɗana, matan can me suka yi maka?"

Na tashi na karkaɗe wandona, na hau moto. A hanya ba abin da nake gani sai farantin nan na matattun ƙwai da alamun biro a jikinsu, sai dai yanzu ba faranti ɗaya ba, a Agye, a Gidan Sori, a Sae Sabuwa, a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Da na isa buro na zauna na rubuta rapor, na sa komai a ciki da kwanakinsa: batir, fanka, murfi, lambar da ta maƙale, kwana huɗun da ban duba ba alhali ma'auni yana jakata, da wanda ya zaɓo injin.

Ranar ziyara motoci biyu suka zo da hantsi. Kodinata ne da shef da baƙin biyu, mace da namiji. Bayan gaisuwa wurin maigari aka nufi ɗakin Hajiya Rakiya. Injin yana nan a goge, babu komai a ciki. Shef ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Na miƙa wa kodinata rapor, na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka karanta bari in nuna maka abu ɗaya." Na kunna injin, murfi a buɗe, babu ɗumi ko kaɗan a ciki. Allon ya kawo jan rubutunsa: talatin da bakwai da ɗigo bakwai. Na ce ya sa hannu. Ya sa, ya ciro, ya sake duban allon.

Baƙuwar ta tambaya ina ƙwan yake. Hajiya Rakiya ta ce su biyo ta. Haka manyan baƙi suka bi gida-gida suna sunkuyawa bakin akurki, har ruga. Ƴan zabi talatin da takwas suka ƙirga a bayan kaji huɗu. Baƙuwar ta tambayi wanda ya fara gane injin ya lalace. Na nuna Inna Tsahara. Aka tambaye ta ta yaya, ta ce ita dai ta ji zafi ta faɗa, ba a saurare ta ba sai daga baya. Ba ta ambaci sunana ba, amma kowa ya san da wa take.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne duka. An dakatar da sayen sauran injunan. An aiko mani da takardar neman bayani, wato wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce kafin a yanke mashi hukunci, na amsa ta, aka sa gargaɗi a fayil ɗina. Ba a kore ni ba, amma ƙarshen shekara aka mayar da ni yankin Gidan Rumji, nesa da iyalina, na yi shekara biyu a can. Shef bai sake yi mani magana in ba ta aiki ba har muka rabu. Ba na ganin baƙinsa. Shi ma akwai wanda yake tsoro a samansa.

Su kuwa matan, ba su jira furoje ya gaya masu yadda za su raba ba. Bayan an fitar da na masu kaji, suka raba sauran a kan duk wadda ta kawo ƙwai, ba tare da duba alamar wa ta rayu ko ta wa ta mutu ba. Sa'a ta samu ɗaya, Inna Tsahara ta ƙara mata da nata.

Abin da nake so ku ɗauka, ku sababbin animater da za ku fara shiga ƙauye, guda biyu ne. Na farko, mutanen da aka aike ku ku koya wa kiwo sun riga ku fara shi, kuma su ke kwana da asarar in an yi kuskure, ku kuwa albashinku na nan. In ɗayansu ya ce maku wani abu bai yi daidai ba, ku tsaya ku duba a lokacin, ko da bai iya faɗa maku dalili da irin kalmominku ba. Na biyu, rapor ba takarda ba ce da ake cikewa don shef ya ji daɗi. Layi ɗaya da za ka gyara don ka tsira da mutuncinka, wata mace a wani gari ita za ta biya shi da abincin ƴaƴanta, kuma ba za ta taɓa sanin sunanka ba balle ta zo ta tambaye ka. Ni na samu wadda ta tambaye ni a madadinta tun ban aikata ba. Ba kowa ke samun haka ba, don haka ku riƙa yi wa kanku tambayar kafin ku sa hannu.